Gwauron Arba'in da Littafin Girki

Wani ne a Runjin Sambo, ma'aikacin ofis, irin waɗanda suka shekara ashirin suna jera fayil har suka daina yarda da maganar baki. Ko ce masa ka yi ana ruwa a waje, sai ya tambaye ka a ina aka rubuta.

Matarsa Sadiya ta haihu, aka zo ɗaukarta zuwa gidansu a Ƙofar Rini wankan jego, kwana arba'in cif. Tana shiga keke da jaririnta ta ce, "Maigida, Inna ta ce a dinga aiko maka cimaka kullum da marece."

Gogan ya gyara hula. "Ki yi mata godiya. Ki ce mata ɗiyatta ba raggo ta aura ba. Mi ag ga dahuwa? Wuta da tukunya, shi ke nan."

Sadiya ta dube shi, ta dubi jaririn, ta ce wa mai keke su tafi.

To a layinsu akwai ciyayya. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Sa'ad, tsohon malamin makaranta, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa a haɗu a ci. Ba a tambayar kwanon wane ne wannan, amma kowa ya san wanda bai kawo ba. A wannan tabarma gogan yake jin labarin duniya, a nan yake musun ƙwallo, a nan yake gyara wa gwamnati kurakuranta. Tun da Sadiya ta tafi kuwa, a nan kaɗai cikinsa yake ganin abin kirki. Gidan ya yi masa faɗi, shi da ƙadangaru, kuma yana tsoron zaman kaɗaici fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Kwana goma yana zuwa da wankakken hannu. Saifullah tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, da ya hango shi sai ya ce, "A matsa, ga mai hannu ya iso." A yi dariya a ba shi wuri. Da ya kama bakinsa da har arba'in ɗin ta cika babu mai ce masa kanzil. Amma a rana ta goma, yana tsakar cin tuwon gidan mutane, sai ya ba da labarin yadda surukarsa ta yi tayin abinci ya mayar.

Malam Sa'ad ya tsame hannu daga kwano.

"Kac ce mi? An ba ka ka ƙi?"

"Awo, Malam. Ai na iya."

"To madalla. Gwauro muna ci da shi, don lalura ta same shi. Amma wanda anka yi wa tayi yac ce ya iya, wanga ba gwauro ba ne, kuku ne. Mun ba ka kwana ukku, Litinin, Talata, Laraba. In ka hito da kwanon da za ya ciwu, wurinka na nan. In ba haka ba, ka ci naka cikin gida har uwar jariri ta dawo."

Washegari da ya taso ofis ya tsaya wurin mai sayar da littattafai a bakin titi. Can ya ga wani ɗan siririn littafin girki, shafi sittin, da hoton wata mata tana murmushi a kicin mai tayil. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga cikakken abincin dare cikin minti talatin, daga farawa har zuwa ci. Gogan ya ji hankalinsa ya kwanta. Abu a rubuce, da ɗab'i, har da lambar shafi.

A gabatarwar littafin matar ta yi bayani dalla-dalla cewa a dafa wake tun ranar hutu a ajiye a firji, nama kuma a sayo yankakke. Amma ma'aikacin ofis ba ya karanta gabatarwa, inda ake sa hannu yake nema.

Ranar Litinin ya buɗe shafi na tara, shinkafa da wake. Ya saita ƙararrawar waya, ya kunna gas, ya zuba shinkafa da ɗanyen wake lokaci guda. Ya tsaya a kan tukunya da waya a hannu kamar mai tsaron jarrabawa. Minti talatin na cika waya ta yi ƙara, ya kashe wuta. Da ya ɗaga murfi sai ga wake yana nan yadda ya baro kasuwa, illa dai ya yi wanka. Ya dubi tukunya, ya dubi littafi. Tukunya ba ta da sa hannun kowa, don haka ya bi littafi.

Ya fito da kwano a hannun dama, littafi a hammata.

Saifullah ne ya fara kai loma. Aka ji ƙaras. Ya dafe kunci, ya juya baya ya furzar a tafin hannu ya ƙura wa abin ido.

"Wanga wake, a aje shi har damina. Ba a rasa iri ba."

"Ya dahu," in ji gogan.

"Wa yac ce?"

Ya zaro littafi ya buɗe. "Shahi na tara. Minti talatin. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Malam Sa'ad ya sa tabarau ya duba a tsanake, ya miƙa masa abinsa. "Gaskiya ne, haka anka rubuta. To shi waken, ka ba shi ya karanta?"

Aka ture kwanon gefe. Gogan ya ci tuwon gidan Saifullah yana cewa a ransa mutanen layin nan ba su san darajar takarda ba.

Ranar Talata ya ce wake ne ba shi da tarbiyya, bari ya koma kan kaza. Shafi na goma sha bakwai, shinkafa da kaza da kayan lambu. A hoto kazar tana kwance a faranti, yankakkiya, ba gashi ba kai. Shi kuwa ya biya kasuwa ya sawo wani tsohon zakara mai ƙaho a ƙafa, wanda daga ganin idonsa ya ga gwamnatoci da yawa.

Tun da littafi ya ce daga farawa, gogan ya danna ƙararrawa sannan ya kwance igiyar ƙafar zakara. Zakara ya ce ga garinku. Ya haye turmi, ya haye igiyar shanya, ya haye katanga, ya dira gidan Saifullah. Namiji ba ya faɗa wa gidan mutane, ko da kuwa abincinsa ne ya shiga. Dole gogan ya zagaya ƙofar gida ya tsaya yana sallama.

"Salamu alaikum. Salamu alaikum, don Allah da sauri, saura minti ashirin da ukku."

Daga ciki Rabi matar Saifullah ta ce, "Maigidan ba shi nan, shina shago."

"Ba shi nika nema ba. Cimakata ta shigo muku."

Kafin Rabi ta rutsa zakara a bayan randa ta miƙo shi ta saman katanga, minti goma sha tara sun tafi. Yanka da fiɗa da figa suka ci bakwai, shi ma figar ta inda ido ke gani ce. Zakara ya samu minti huɗu a tukunya. Waya ta yi ƙara, gogan ya kashe wuta yana haki, yana jin daɗin bai makara ba.

A tabarma Saifullah ya kama cinya ya ja, cinya ta ja shi. Ya sa haƙori, ya tuna abin da wake ya yi masa jiya, ya fasa. Wani ya kama ɗaya gefen suka ja tare, abu ya miƙe ya koma kamar robar daurin kaya.

"A mai da shi cikin gida," in ji Saifullah. "In anka bar shi ya huta, da asuba shi za ya tashe mu salla."

Gogan ya kai hannu hammata. Malam Sa'ad ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi nan, mun yarda an rubuta. Saura gobe."

Da safe Sadiya ta kira shi. "Maigida, kana dai cin cimaka?"

"Lahiya lau. Jiya ma kaza munka yi."

"Kunka ci?"

"Mun dai taɓa ta."

"In gaya ma Inna a aiko?"

Saura kaɗan ya ce a aiko. Sai ya tuna yadda ya gyara hula a gaban mai keke. "A'a. Ina da littahi."

Ranar Laraba ya dawo bayan la'asar ya buɗe shafi na ashirin, dafa-duka. Ya fiddo zakaran jiya daga firji, ya tanadi wake da shinkafa, tattasai da albasa da daddawa. Ya danna ƙararrawa, ya murɗa gas. Wuta ta yi fur ta mutu. Ya jijjiga tukunyar gas, ya kwantar da ita, ya ɗaga ta ya saurara. Babu ko numfashi.

Ya jawo murhun gawayin Sadiya daga bayan ƙofa. Gawayi akwai, kananzir babu. Takardun da ke gidan kuwa duk kwafin fayil ne da rasit, waɗanda ko gobara aka yi su zai fara fitarwa kafin katifa. Ya duba dama ya duba hagu, idonsa ya sauka kan littafi.

Ya fara da gabatarwa, tun da ba ta da amfani. Ta ci ta mutu. Ya ƙara da shafin godiya. Ya bi da shinkafa da wake, yana cewa ai ya wuce wurin. Ya yagi shafin kaza da ɗan jin daɗi. Yana yaga yana hurawa, hayaƙi na shiga idonsa, hawaye na zuba, har gawayi ya yi ja. Ya ɗora tukunya ya jefa zakara da wake, ya juyo don ya ga mataki na gaba. Littafi ya fara daga shafi na ashirin da ɗaya, yadda ake kek ɗin ayaba. Dafa-dukar tana ƙarƙashin tukunya ta zama toka.

A daidai nan waya ta yi ƙara.

Gogan ya sa yatsa a ruwan tukunya. Ko ɗumi bai yi ba. Lokaci ya cika, abinci babu, shafin da zai nuna ya kare kansa ma babu. Ya san tabarma ta kuɓuce masa. Ya kwashe sauran kayan miya ya watsa a tukunya don kada su lalace, ya rufe, ya juya mata baya.

Amma mutum irinsa ba ya barin wuri da baki. Ya ɗauko takarda da biro ya zauna kan turmi zai rubuta wa Malam Sa'ad takardar ajiye zama. Ya yi ta farko, ya ga ya manta kwanan wata. Ya yi ta biyu, ya ga kalmar "bisa tilas" ta yi tsauri. Wajen ta uku ya hangi shinkafar da ya wanke tana zaune a roba, kaji ma babu balle ya ba su, sai ya juye ta a tukunya ya koma bakin aiki. Ya yi kwafi na huɗu da kyakkyawan rubutu, ya yi na ajiyewa a fayil, ya sa hannu a duka biyun. Aka kira magariba, ya ninke takarda ya sa aljihu ya tafi masallaci.

Da ya dawo wani ƙamshi ya tare shi tun daga zaure. Ya ce a ransa Rabi ta iya girki, Allah ya ba Saifullah. Sai da ya shiga tsakar gida ya ga daga murhunsa abin yake fitowa. Bai yarda ba, don ba a rubuce yake ba. Ya dai juye a kwano ya fita, don kada a ce ko kwanon bankwana bai kawo ba.

Saifullah ya taɓa wake da yatsa tukuna, wake ya narke. Ya kama cinya da shirin kokawa, nama ya zame daga ƙashi ya bar shi riƙe da ƙashin. Aka ture tuwon gidaje uku gefe, hannuwa suka haɗu a kwano ɗaya, har aka ji ana kankarar gindinsa.

Malam Sa'ad ya suɗe yatsu. "Wurinka na nan. Amma ka hwaɗa muna gaskiya, Ƙohwar Rini anka aiko da shi?"

"Wallahi ni na dahwa, Malam."

"Da littahin?"

Gogan ya sunkuyar da kai. Ya zaro abin da ya rage, bango ya yi baƙi da gawayi, ya ba da labarin gas da murhu tun daga farko. Yana magana yana danne takardar aljihu kada ta leƙo.

Malam Sa'ad ya karɓi littafin ya auna shi a tafin hannu.

"Shahi nawa kas sa ma wutar?"

"Ashirin, Malam."

"Saura nawa?"

"Arba'in."

"Uwar jariri hwa, saura kwana nawa?"

"Ashirin da bakwai."

Malam Sa'ad ya miƙa masa littafin.

"To wanga na kwana biyu ne. Gobe ka koma wurin mai littahin nan, ka ce ya ba ka mai kauri."