Motar Share Hanya Tana Jiran Almakashi

Jama'a, Asabar ɗin da ta wuce, ranar buɗe bikin dusar ƙanƙara na garinmu Wirrimba, a layin gidan mai na fara ta. Gidan mai ɗaya tal muke da shi, kun sani, ga kuma mutanen birni sun kwararo da manyan motocinsu, katakan zamiya ɗaure a kan rufi, kowa na son ya cika tanki kafin ya hau dutse. Ina cikin tsohuwar a-kori-kurata hanci na zuba, matata Noelene tana gefe rungume da tiren fai, wato gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, da ta yi don rumfarta a filin biki, a tsakiyarmu kuma Baba Tibor ya takure da hular ulu har gira.

Wanda bai san Baba Tibor ba baƙo ne a nan. Yana saurayi ya tsallako teku ya zo aikin haƙa ramukan madatsar ruwa a cikin duwatsun nan, aiki ya ƙare, shi ya ƙi tafiya. Rabin garin nan shi ya koya musu tsayuwa a kan katakan zamiya, har da ni, duk da dai a kaina aikinsa bai yi albarka ba. Kowace shekara shi ne yake fara gangarowa daga kan tudu a ranar biki, sai ya sauko sannan sauran jama'a su biyo. Bana likita ya ce za a yi masa aiki a gwiwoyi da zarar sanyi ya wuce, kuma bayan aikin ba shi ba zamiya har abada. Wato wannan ce gangarowarsa ta ƙarshe. Tun da sassafe ya ɗora tsofaffin katakansa a bayan motata da hannunsa, ya naɗe su da bargo kamar jariri.

Bara ko ƙwayar ƙanƙara ba mu gani ba ranar biki, a kan ciyawa aka yi jawabai. Bana kuwa sama ta buɗe, muka wayi gari komai fari fat, rassan itatuwan turare har sun sunkuya. Kuma hankalinmu kwance yake, domin ƙaramar hukumarmu mai albarka ta sayo sabuwar motar share hanya. Zaɓe bayan zaɓe ana yi mana alkawarinta, har muka saba da hotonta a jikin bango fiye da hotunan jikokinmu. A ƙarshe ta iso, ruwan lemo, sai ƙyalli take yi, aka kuma sanar a rediyo cewa daga bana hanyar dutse ta daina rufewa.

Muka sha mai, muka ɗaura wa tayoyi sarƙa, muka kama hawa. Ba mu yi nisa ba sai ga motoci cirko-cirko a kwanar da ke bayan gadar rafi. Daga nan zuwa sama babu kwalta, sai fari shimfiɗe kamar ba a taɓa yin hanya a wurin ba.

Ina leƙe sai ga maƙwabcina Des, mai hayar sarƙar taya, yana bin layin motoci a ƙafa. Shi Des labari ba ya wuce shi.

Na ce, "Mutumina, ina motar share hanyar?"

Ya ce, "Tana sama."

"Tana aiki a saman?"

"Tana hutawa. Jiya da rana aka hau da ita, aka ajiye ta a tsakiyar filin biki, aka ɗaura mata jan ƙyalle. An ba direba Kerryn umarni kada ta kuskura ta tayar da ita sai Mai Girma shugaban ƙaramar hukuma ya zo ya ƙaddamar."

Noelene ta leƙo ta kan kafaɗata. "To shi Mai Girman yana ina?"

Des ya nuna baya da babban yatsa. "Ga shi can, bayan motar masu raba biredi. Yana jiran a share hanya."

Yanzu kada wani ya ce zan yi zagi. Ni mutum ne mai ladabi, kuma na daɗe ina cewa ba a yaba wa shugabanninmu yadda ya kamata. Ku duba tsarin nan da kyau. Mota ba za ta share hanya ba sai Mai Girma Uban Almakashi ya hau, shi kuma ba zai hau ba sai mota ta share hanya. Ni da ku ko wata guda aka ba mu ba za mu iya ƙulla irin wannan ba. Sai da kwamiti ya zauna, aka sha shayi, aka ci biskit, kafin a kai ga haka.

Noelene ta ajiye tire a cinyar Baba Tibor ta ce in taso. Muka taka har wurin baƙar motar Mai Girma. Gilashi ya sauka kaɗan, ɗumi ya bugo mu. Ga Mai Girma a baya cikin kwat da takalmin ofis mai sheƙi, ga hadiminsa a gaba, wanda mu a gari muke kira Mai Riƙon Lema, da akwatin almakashi a cinya.

Na cire hula na ce, "Ranka ya daɗe, barka da sanyi."

Mai Girma ya ce, "Barka kadai, barka kadai. Kun ga irin albarkar da muka samu bana?" Ya faɗe ta kamar ofishinsa ne ya yi odar ƙanƙarar.

Noelene ta ce, "Mun gani, ranka ya daɗe, har gwiwa. A buga wa yarinyar nan Kerryn waya mana ta sauko da motar."

Mai Riƙon Lema ya gyara wuyan riga. "Baiwar Allah, abin ba haka yake tafiya ba. Dukiyar jama'a ce. Ba a fara amfani da ita sai an miƙa ta ga jama'a."

"To ga jama'ar nan a kan hanya suna daskarewa. Miƙo mana."

"Ai masu ɗaukar hoto suna sama."

"Su ta ina suka hau?"

"Jiya suka hau, tare da motar."

Muna cikin haka sai ga ayarin masu yawon dutse a ƙafa sun zo wucewa, jakunkuna a baya, faffaɗan takalman taka ƙanƙara a ƙafa, suna ɗaga mana sanduna cikin fara'a. Da ma ba ta kan titi suke bi ba, suna da tasu hanyar ta cikin daji. Amma gadar katakon da ke kanta ruwa ya tafi da ita tun shekarun baya, kuma hukuma, cikin hikimarta, ta kafa wani kyakkyawan allo a wurin mai ɗauke da hoton gadar da tarihinta. Na je na gani, allo ne mai inganci. Sai dai ba a tsallaka rafi a kansa.

Sanyi ne ya warware matsalar, ba mu ba. Direban Mai Girma ya kashe inji don tattalin mai, ɗumin cikin mota ya gudu, yatsun ƙafar manya suka fara ba su shawara. Can sai Mai Riƙon Lema ya fito ya sanar da cewa, bisa la'akari da halin da ake ciki, za a ƙaddamar da motar ta waya.

Wallahi da idona na gani. Aka kira Kerryn, aka ce ta kara wayarta kusa da motar. Mai Girma ya fito ya tsaya a kan ƙanƙara cikin takalmin ofis, ya zaro jawabinsa, ya karanta shi tun daga gaisuwar manyan baƙi har zuwa godiya, bai tsallake ko layi ɗaya ba. Ya yi maganar hangen nesa. Ya yi maganar sabon babi. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga almakashi ya datsa iska, muka ji muryar Kerryn ta cikin waya tana cewa, "An gama? In tsinke abin nan?" Muka tafa, domin tafi yana ɗumama hannu.

Ba a jima ba muka jiyo rurin inji daga sama. Yara suka hau kan motoci, aka shiga danna oda. Baba Tibor ya miƙe zaune, ya fara ɗaure igiyar takalminsa. Rurin ya matso, ya ƙara matsowa, har muka hango hancinta ruwan lemo a kwanar da ke samanmu tana watsa fari gefe da gefe. Sai ta yi tari sau biyu ta yi shiru.

Wayar Mai Riƙon Lema ta yi ƙara. Ko ba a kara a kunne ba ana jin Kerryn. "Dizal ya ƙare! Wa ya zuba mata mai kamar na ɗanɗano?"

Ashe kwamitin da ya sayo mota daban, kwamitin da ke sayen mai daban, kuma na biyun bai samu zama ba tukuna. An zuba mata daidai wanda zai kai ta sama ta zagaya fili a ɗauki hoto. Yanzu ga ƙanƙara ta tare hanya, ga motar share ƙanƙara ita ma ta tare.

Na koma motata ina dariya, amma da na ga fuskar Baba Tibor sai na daina. Yana zaune da tiren fai a cinya, ya ƙura wa dutsen ido. Rana ta riga ta karkata, kuma kowa ya san ko an buɗe hanya yanzu, kafin wannan layi ya kai sama haske ya tafi.

Na ce, "Baba, ko gobe..."

Ya ce, "Gobe ba ranar biki ba ce. Kai yaro, sauko mini da katakaina."

Ni da furfura ta cinye wa kai, har yau yaro nake a wurinsa.

Noelene ta ce, "Baba, ina za ka da waɗannan gwiwoyin?"

"'Yata, gwiwoyin nan na likita ne da zarar sanyi ya wuce. Yau nawa ne." Ya nuna titin da ba a share ba, daga inda motar ta mace zuwa inda muke. "Kin taɓa ganin gangara mai kyau irin wannan? Ko sawun tsuntsu babu a kanta."

Des ya ƙwala wa masu yawon ƙafa kira, biyu daga cikinsu suka dawo, wata mata da mijinta. Suka sa shi a tsakiya, ni na saɓa katakan a kafaɗa, muka bi gefen hanya muna nutsewa muna fitowa. Sau da yawa ya tsaya yana haki, kowane tsayi sai ya ce yana duba yanayin ƙanƙara ne. Da muka isa, Kerryn ta diro daga motar, jan ƙyalle na reto a madubinta, ta durƙusa ta ɗaure masa katakan da kanta. Ita ma ɗalibarsa ce.

Ya gyara hula, ya dube ni. "Kada ka biyo ni a guje, ka san yadda kake faɗuwa."

Sannan ya tura.

Ba gudu ya yi ba. A hankali ya gangara, yana karkata dama, yana karkata hagu, ya bar layi biyu siriri a bayansa kamar an zana da tsinke. Ƙasa kuwa labari ya riga ya bi layi. Mutanen gari da na birni duk suka fito daga motoci suka jeru a bakin hanya, masu oda na dannawa, masu murfin tukunya na bugawa, ana kiran sunansa. A kwana ta ƙarshe gwiwar hagu ta so ta ci amanarsa, na ga ya yi tangal-tangal. Ya dafa sanda ya miƙe abinsa. Ya zo gaban jama'a ya juya katakan ya tsaya cak, ƙanƙarar da ya kwasa ta sauka a kan takalman Mai Girma. Ya rantse mini daga baya cewa ba da gangan ba ne, amma mutumin da ya yi shekara sittin yana tsayawa inda ya ga dama, ku yanke hukunci da kanku.

Kafin in gangaro, ina faɗuwa ina tashi, biki ya kankama a kan titi. Yara sun ciro faranti da buhunan roba suna sulalowa ta inda ya bi. Masu kiɗan da aka gayyato, waɗanda su ma layin ya riƙe, sun buɗe bayan motarsu sun fara busa. Noelene ta mayar da bayan a-kori-kura rumfa, fai ya ƙare tas, har Mai Riƙon Lema ya ci biyu yana cewa ɗaya na Mai Girma ne. Baba Tibor yana zaune a kan bargonsa da kofin shayi, idanunsa na zubar da ruwa, ya ce iska ce. Mai Girma kuwa ya matso ya dafa kafaɗarsa daidai lokacin da aka ɗaga wayoyi, domin shi ma Allah ya ba shi tasa baiwar.

Dizal dai Des ne ya tattaro daga tankunan manoma da tiyo da jarka, muka kai sama muna karɓa-karɓa. Hanya ta buɗe da yamma lis, daidai lokacin da kowa ke neman inda zai juya mota ya koma gida.

Ranar Litinin na kunna rediyo na ji sanarwa cewa bikin bana ya yi armashi fiye da na kowace shekara, sakamakon sabon tsarin hukuma na sauko da biki kusa da talaka. An kuma yi albishir cewa za a sayo motar share hanya ta biyu, wadda za ta riƙa share wa ta farkon hanya idan ta maƙale. Ni ba ni da ta cewa, manya sun fi mu gani. Roƙona ɗaya ne, ranku ya daɗe: idan ta iso, a taimaka a ƙaddamar da ita a lokacin zafi.