Ɗorawar Kaka Damaris a Cikin Waya

"Ina gajiya, amaryata mai haƙori biyu?"

Levi ke nan, jikan Kaka Damaris, da wayarsa mai faɗin faifai. Masu sabon titin da zai ratsa ƙauyenmu zuwa Kafanchan suka ɗauke shi aikin jin bakin jama'a: kowa ya faɗi abin da titin zai taɓa masa, a ɗauki muryarsa, a sa alama a taswira. Yau ake rufewa. Sati uku tsohuwar nan tana korarsa, alhali titin ta kan ɗorawar da marigayi mijinta ya dasa mata zai bi. Gonar da ɗorawar take ciki an sayar tuni, itacen kaɗai ne nata, kuma babu takardar da ta san da haka.

"Ba gajiya, mijin banza. Maza na noman citta, kai kana yawo da madubi."

"Madubin nan ya fi idonki gani."

"Ni? Ni da na riga jirgin ƙasa zuwa Kafanchan?"

"Shi ya sa ke da shi duk kun daina gudu. Leƙa dai, gani ya kori ji."

Ta leƙa tana tsaki. Sai ga hannu a ƙirji.

"Yesu Mai Ceto! Ba rufin ɗakina ba ne wannan? Ga dutsen shanyata! Wa ya hau sama?"

"Ni, da tsani."

"Kai da mangwaro ya kayar? Kai, kai, kai... Ashe haka Ubangiji ke ganinmu, ƙanana kamar acca."

"Ga ɗorawarki. Jan layin nan da ya hau kanta, shi ne titin."

Kaka ta kawar da kai daga wayar.

"Wa zai ji bakin tsohuwa marar gona?"

Levi ya taɓa itacen da yatsa a fuskar wayar. Murya ta fito tar: "Itacen Damaris ne. Daddawarsa muke miya da ita tun muna amare. Kar a taɓa."

"Hulda ce wannan? Huldan da shekara biyu ba ma gaisawa?"

"Ita ta fara. Mutum arba'in da ɗaya suka biyo ta, har Lai'atu 'yarki daga Mararaban Rido. Injiniya ya ce za a duba karkata layin, amma sai mai itace ta yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Kaka ta gyara ɗankwali, ta durƙusa gaban waya.

"Ina wuninku, masu titi."

"Oho! Ni mijinki ba ki taɓa durƙusa mini ba."

"Ka taɓa dasa mini ko barkono? Rufe baki, ina magana da manya."

Ta faɗi shekarar dashen, ta faɗi sunan mai dashen. Da ta gama ta goge ido, ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa uku.

"Ungo, mummuna, ka yi galaba. Biyu naka. Ɗayan ka kai wa Hulda, ka ce mata na ji."