Teta da Wayar da Ta Daina Mantuwa

"Lafiya lau, lafiya lau, amma kada ka matso! Gaishe ni daga nan."

Shadi ya ja ya tsaya a bakin ƙofa da ledar burodi a hannu. Kakarsa, Teta Ihsan, tana zaune ƙiƙam, ta riƙe waya a tsaye da hannu biyu kamar mai ɗauke da kofin shayi cike fal. Tun ranar da ya ƙirƙiri manhajar tawula, wasan allo irin na lido, ya saka mata, ita da maƙwabciyarta Abla Fakiha ta saman bene, gidan nan na Iskandariyya bai sake ganin zaman lafiya ba. Wasan yau kuwa har da sharaɗi: wadda aka cinye za ta naɗa tire guda na mahshi, wato shinkafa da nama ƙunshe cikin ganye, ta kai wa ɗayar da ƙafarta, maƙwabta na kallo.

"Tsohuwa, yau kuma waya kike reno?"

"Reno nake, tunda ubanta sakarai ne. Saura ƙiris in cinye Fakiha, sai munafukar ta ce wai tukunyarta na ƙonewa. Tun hantsi nake jiranta."

"To ki ajiye wayar mana."

"In ajiye? Wannan abin naka da ko kishingiɗa na yi sai ya manta sunan uwarsa? Waya ta karkata kaɗan, allo ya goge, 'ya'yan wasa su koma gida kamar ba a taɓa bugawa ba!"

"Ai ke ya gado. Ba ke kika nemi tabaranki har gidan maƙwabta ba, yana kan hancinki?"

"Ni? Ni da na tuna ranar da aka haife ka! Ungozoma ta juya ka sau ɗaya, duk hankalin ya zube, har yau ba a kwashe ba."

Shadi ya yi dariya, amma ta ba shi tausayi. Shayinta ya huce, ga ƙaiƙayi ya dame ta a hanci tana ta gogawa da kafaɗa.

"Teta, na gyara tun jiya, kina kicin. Da can in aka juya waya, manhajar rushe allon take yi ta gina sabo, ba ta ajiye komai ba. Yanzu kafin ta rushe sai ta ƙulle komai a ƙunshi: inda kowane ɗa yake, da mai bugu na gaba. In ta gama juyawa ta kwance, ta jera su yadda suke."

"Kai da ko igiyar takalminka ba ka iya ƙullawa?"

"Wallahi ko kira ne ya shigo, ba abin da zai ɓace."

"Kira? Ƙanwata ta kira daga garin Ɗanɗa har ta gaji, na ƙi ɗauka. Yanzu haka suna can suna karɓar gaisuwata."

"Sai mu je tare, in ce musu gawar na wasa."

"Kai za ka riga ni, mai wuya kamar na tulu."

Tana cikin zagin ya miƙa yatsa ya karkatar da wayar gefe. Teta ta saki salati da sai da tantabarun taga suka tashi. Allon ya juya, ya lumshe, ya dawo. Kowane ɗa na nan inda ta bar shi.

Ta duba, ta sake dubawa, ta soshe hancinta son ranta. "Ashe dai ungozomar ta rage maka kaɗan."

Sai wayar ta yi ƙara. Abla Fakiha ta dawo kan wasan. Ta jefa ɗan lido, ta samu shida biyu. Ta kame ɗan Teta guda, ta toshe hanya. Zagaye na gaba ta sake kame wani. Daga sama aka ji ana buga ƙafa a daɓe don murna.

Teta ta yi wata doguwar hamma. "Kai, bayana. Bari in ɗan miƙe."

Ta kwanta a gefen dama. Allon ya juya ya dawo da wasan. Ta koma hagu. Ya dawo. Ta kifa wayar, ta girgiza ta, ta cusa ta ƙarƙashin matashi ta ciro. Wasan na nan daram.

Nan Shadi ya gane abin da ya sa ba a taɓa cinye kakarsa ba: in ta ga za a cinye ta, sai ta kwanta allo ya goge.

"Teta! Ashe duk kwanciyar nan ba ciwon baya ba ne?"

"Rufe min baki, ɗan baƙin ciki! Wa ya aike ka gyara? Abu yana zaman zamansa da mantuwarsa mai albarka! Mayar min da ita yanzun nan."

"Ai ba ta dawowa. Ƙunshin na ƙulla da kyau."

"Yau ka tashi iya ƙulli?"

Daga tagar sama muryar Fakiha ta sauko: "Ihsan! Ki sa nama da yawa, kuma ban son mai tsami!"

Teta ta kalli silin, ta kalli jikanta da ke birgima a kan darduma. Ta yi ta cijewa, ƙarshe dariya ta kufce mata. Ta jawo farantin basbusa, kek mai zaƙin da ta tanada don bikin nasara, ta tura masa.

"Ci, maciyin amana. Ka ƙoshi sosai, sannan ka wanke hannu. Tunda ka ƙware a ƙunshi, kai za ka naɗa mahshin."