Zoɓon da Na Kai Shinkafi

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyar da kimiyya a Kaura Namoda, na duƙufa kan farantin sola mai aiki da rini. A kwamfuta na tsara yadda ƙwayoyin lantarki ke gudu cikinsa da inda suke maƙalewa. Lissafina ya rantse rinin zoɓo zai kunna fitila.

Na jiƙa zoɓon cikin barasar ɗakin gwaji, na ɗura a gora, na nufi Shinkafi in rufe bakin surukina, mai cewa bokona bai taɓa kunna ko ashana ba.

Na ajiye gorar a zaure na tafi alwala. Ina dawowa na tarar surukin nawa ya buɗe zai zuba wa liman. Ya shinshina.

"Malam, mi ka zuba cikin zoɓon ga?"

"Baba, wallahi na fitila ne!"

A ranar ya sa aka ɗauke 'yarsa daga gidana. Sai da shugaban makarantarmu ya zo ya shaide ni kafin aka mayar mini da matata.

Har gobe in an kawo zoɓo wurin suna, ni ake fara miƙa wa. "Malam, duba muna, na sha ne ko na fitila?"