Ranar da Don Heriberto Ya Ɗora Kasko

A duk unguwarmu ta garin Puerto Montt babu wanda Allah ya yi wa baiwa kamar Don Heriberto Cárcamo. Shi ma ya yarda da haka. Mataimakin mataimakin manaja ne a kamfanin gyaran kifi, a hawa na sama, inda ake rufe taga saboda ƙarni. Kullum yana sanye da hular matuƙan jirgin ruwa, ko da yake ɗan fiton nan zuwa tsibirin Chiloé ma sai ya amayar da karin kumallonsa. Shi ya sa muke kiransa Kyaftin ɗin Tudu. Ya ɗauka girmamawa ce.

Bana tausayin talakawa ya kama shi, ya fito neman shugabancin ƙungiyar unguwa. Abokiyar takararsa Señora Nolfa ce, mai tuyar fanke a bakin tasha, wadda ko Santiago, babban birnin ƙasa, ba ta taɓa zuwa ba. Ƙuri'u kuwa a hannun matan unguwa suke. Ana gobe zaɓe, ranar Talata, ya gayyace su cin abincin yamma.

"Edita, matsa gefe," ya ce wa matarsa. "Yau za ki ga girkin zamani. Kifin salmon mai sheƙi da zuma, da shinkafa. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Haka manya ke yi a Santiago in an tashi aiki."

"Heri, matan nan fa..."

"Ni za ki gaya wa mata? Miƙo tafarnuwa."

Abin da babban mutum bai samu sukunin lura da shi ba, matan nan a kamfaninsu suke aiki, a hawa na ƙasa. Tun asuba suke feɗe salmon. Da aka tashi kowacce ta dirje jikinta da sabulu da lemon tsami, ta ɗauko kwat ɗinta ta zuwa coci. Ruwan sama ya jiƙa su a hanya, don haka suna shiga suka rataye kwat ɗin a igiyar da ke saman murhun itace, kamar yadda ake yi a kowane gida.

Kyaftin ya kwarara zuma a kan kifi, ya barbaɗa barkono daga sama kamar mai sa wa gari albarka. Sannan ya juya wa kasko baya, ya fara jawabi.

"Maƙwabta, shugabanci kamar girki ne. Hangen nesa yake so!"

Yana hangen nesa, zumar da ke kusa ta ƙone. Hayaƙi mai maiƙo ya tashi, ya shige cikin kwat ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Edita ta nufi taga.

"Kada ki buɗe! Ƙamshin nan shi ne rabin abincin."

Aka rarraba faranti. Señora Clorinda, babbarsu, ta daɗe tana kallon nata.

"Maƙwabci, ai ni da wannan mun gaisa tun da safe."

Mata suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Suka cinye shinkafa tas, suka nemi burodi, kifi kuwa suka tura shi bakin faranti cikin ladabi.

"Kunya ce," Kyaftin ya raɗa wa matarsa. "Ba su saba da abincin manya ba."

Washegari aka taru a ɗakin taro, kowacce cikin kwat ɗinta, don ba su da wata. Kyanwoyin unguwa suka rako su har ƙofa. Da aka kira sunan Don Heriberto, kowace mace ta fara ɗaga hannu don kara, hannun kwat ɗin ya wuce ta gaban hancinta da ƙaurin kifi, sai ta mayar da hannun cinya.

Señora Nolfa ba ta da riƙo. Tana hawa kujera ta naɗa shi shugaban kwamitin wankin kwat, kwamitin mutum ɗaya. Ya riga ya kai a buga masa muƙamin a jikin hula.