Rasuwar Kama-da-Kowa, Ƙugiyar Da Ba Ta Kama Kifi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe, ni Mu'tasim, ɗan garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, mazaunin Madinat Nasr a birnin Alƙahira tun da yaƙi ya koro mu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari don su sha dariya, rasuwar ƙugiyata kuma abokiyar zamana, Kama-da-Kowa. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce a wani kantin magani da ke unguwar Zamalek, bayan gajeriyar jinya a cikin kunnen mutum.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ƙugiya ce ta kamun kifi, irin wadda Turawa ke naɗa wa zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta ruwa ba koto, kifi ya ruɗu ya haɗiye. Baƙa ce wul, jikinta buzu-buzu, da wutsiya mai laushi da ɗan ƙwallon tagulla a ka. An yi ta ne domin wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ake kira tirawut, wanda ba ya zama sai a ruwan sanyi mai gudu a kan duwatsu. Duk tsawon Nilun Masar babu ko ɗaya. Na san haka tun ranar farko, saboda haka masu shirin zuwa su sanar da ni su adana iliminsu, zai yi musu amfani a wani wurin.

Asalinta daga Kanada ne, daga akwatin Tarig, mijin yayata Awadiyya, wanda ya ɗauki alkawarin tsaya mini in bi su can. A Sudan Tarig ko ƙayar kifi bai iya cirewa ba sai Yaya ta taya shi. Amma sanyi ya buɗe masa basira, ya zama babban masunci mai wandon roba har ƙirji. Wata rana ya kira ni ta bidiyo yana tsaye tsakiyar rafi, ya ce, "Ya zol, ka fara koyon jifa tun yanzu, kada ka zo ka ba ni kunya gaban abokaina." Ya buɗe akwati, ƙugiyoyi a jere sahu-sahu, ja da kore da ruwan ƙasa. Ya ce sabon shiga ba ya buƙatar duk wannan, uku sun ishe shi: ɗaya mai shawagi a saman ruwa, ɗaya mai nutsewa ƙasa, sai ɗaya da mutum zai ɗaura idan bai san abin da kifi yake so ba. Na ce ya nuna mini ta ukun. Ya ɗago ta ya matso da ita jikin waya. "Wannan kama take da kowa," in ji shi. "Mai son matsattsaku zai ga matsattsaku, mai son ɗan kifi zai ga ɗan kifi, mai son tsutsa zai ga tsutsa." Yana faɗa yana murmushi kamar mai yabon 'yarsa. Ba mamaki, hali ɗaya suka ɗauko, sai dai ita ba ta da baki.

Ya aiko da su ukun ta hannun wani matafiyi. Sandar kuwa a kasuwar Ataba na saya, inda nake yi wa 'yan kasuwar Najeriya tafinta. Mai shagon ya rantse irin ta Turawa ce. Ba ita ba ce, amma ba yau ne ranar shari'arsa ba.

Marigayiyar ta yi zamanta a cikin gwangwanin alewa, a aljihun rigata na hagu. Ta shiga motar haya ta mikrobas, ta shiga jirgin metro, ta bi layin sabunta takardar iƙama tare da ni cikin rana ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta wari. Ba ta taɓa ce mini "wata mai zuwa in sha Allahu" ba. Ba ta taɓa ganin kirana ta bar waya tana ruri ba. Ban san 'yan'adam da yawa a garin nan, ko a wancan, da za a yi wa wannan shaida ba.

Kowace Juma'a bayan la'asar nakan hau da ita saman benenmu mu yi atisaye tsakanin tankunan ruwa da faifan talabijin. Har yanzu muryarta na kunnena. In na kai ta baya sai ta ce fiiiw, in na dawo da ita gaba ta ce fyau, ta sauka a siminti tsit. A wannan fage ta nuna bajinta. Ta kama zanen gadon maƙwabciyarmu, ta kama wayar intanet ɗin mutanen hawa na biyar, ta kusa kama tantabara. Ruwa dai na hana ta taɓawa. Na ce ba za ta fara jiƙa a kogin da ake wanke doki da tukunya ba, za ta jira rafinta kamar yadda nake jira.

Duk wannan a gaban Sada ake yi, ɗalibi daga Daura mai karatun fiƙihu, wanda muke ɗaki ɗaya. Tun ranar da ya gan ta ya fara dariya, bai kuma huta ba. Yakan ce, "Malam Mu'tasim, yau me aka samu? A ɗora mai ko a jira?" Allah ba ya barci.

Ciwonta ya faro ne sannu a hankali. Gumi ya sa mata tsatsa a wuya, asu ya taɓa wutsiya. Amma abin da ya kwantar da ita shi ne kiran da Yaya Awadiyya ta yi ranar Alhamis. Ta daɗe tana tambayar lafiyata da ta maƙwabta da ta mutanen da ba ta ma sani ba, har na gane da magana. Sannan ta ce, "Mu'tasim, Tarig ya ce mutum ɗaya kawai zai iya ɗauka. Ya sa sunan ƙaninsa Muhannad." Na ce tun yaushe? Ta ce tun bara, ita ma sai yanzu ta sani. Ta fashe da kuka, ni na koma ina ce mata ma'alish, ta yi haƙuri. Naka sai naka, ban ga laifin Muhannad ba, shi ma gudun wuta yake yi. Amma shekara guda cur Tarig yana tambayata ko hannuna ya faɗa da jifa. Shi kansa bai kira ba. Washegari ya turo hoto a zauren dangi, yana riƙe da kifi yana washe baki.

Ranar Asabar na ce khalas, jira ya ƙare. In dai a Nilu za ta jiƙa, to ta jiƙa a Zamalek, kusa da gidajen jakadu, inda wataƙila wani da ya san darajarta zai leƙo ta taga. Sada ya biyo ni, wai zai sha iska. Ƙarya yake. Mutumin da ko kantin ƙasan bene sai an roƙe shi yake zuwa, fuskata ya gani, ya ƙi yarda in tsaya bakin ruwa ni kaɗai. Ya sayi waken tirmis a takarda ya tsaya bayana yana ɓarewa. Duk faɗin bakin kogin, bayana ya zaɓa.

Na kai ta baya da dukan ƙarfin da ke ƙirjina. Ta ce fiiiw. Ba ta ce fyau ba. Abin da na ji shi ne salati. Na waiwaya na ga Kama-da-Kowa ta yi kamunta na farko, ta shige fatar kunnen Sada na dama har wuya, wutsiyarta na kaɗawa a iska kamar ɗan kunnen amarya.

A kantin maganin, Duktura Reem ta duba ta ce ƙugiyar tana da ƙaya, ba ta fita ta inda ta shiga, sai dai a tura ta ta ɓullo a datse kan. Na tambaya cikin ladabi ko akwai wata hanyar da za a tsira da su biyun. Sada ya ce, "Wallahi Mu'tasim, ka sake tambaya ka gani. Duktura, yalla, yanke ta!" Ta ɗauko filaya. Sautin marigayiyar na ƙarshe shi ne ƙas. Ban riƙe Duktura a zuci ba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

A mikrobas ɗin komawa Sada ya zauna kusa da ni, kunne a naɗe da auduga. Ya ciro gawar daga cikin takardar tirmis, gutsure biyu, ya sa mini a hannu. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Riƙe abarka." Ni ne na fara dariya, har direba ya waiwayo, daga nan kuma ban san lokacin da dariyar ta juye ta zama kuka ba.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa biyu, mai shawagi da mai nutsewa, waɗanda har yau ba su tsinana wa kowa komai ba. Da sanda ɗaya 'yar Ataba mai ƙaryar asali. Da Sada, wanda yanzu yake bincike a littattafai ko ana biyan namiji diyyar hujin kunne. Da uban gidanta na farko a Kanada, wanda akwatinsa cike yake da irinta, ba zai ma lura an yi rashi ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a daidai inda abin ya faru. Ba za a yi salla ba, Sada ya ce babu a kowace mazhaba. Za a naɗe ta a ƙyalle fari a saka ta a kogi, Nilu ya kai ta inda ya ga dama, ba a tambayar takarda a can. Masu rakiya su tsaya a gefe, kada kowa ya tsaya a baya. Daga nan a wuce Madinat Nasr zaman makoki, akwai shayi da dafaffen waken ful, kowa ya zo da burodinsa. Wanda dariya ta kawo shi ya zo, amma shi zai wanke kofuna.

Daga Kanada kuwa, ta'aziyyar mutum ɗaya za a karɓa. Yaya, ki kira duk lokacin da kika so, zan ɗauka. Sai dai ki bar kukan nan. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, kuma ba ni kaɗai ba ne a ɗaki.