Farfesa Ni-Na-Fara da Gajiyar Ƙwayoyin Insulin

Wanda bai taɓa ganin Farfesa Ni-Na-Fara ba, bai ga ilimi yana tafiya da ƙafafunsa ba. Shi ne shugaban sashen ciwon suga a asibitin koyarwa, kuma sai da kafinta ya yi wa allon ƙofar ofishinsa ƙari kafin digirorinsa suka samu wurin zama. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, don babu binciken da za a ambata a gabansa bai ce shi ya fara tunaninsa ba, sauran sun riga shi bugawa ne kawai.

Abin da ya sa a gaba ba shirme ba ne. A jikin mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Idan aiki ya yi musu yawa sai su galabaita, wasu ma su mutu, shi ya sa masana ke neman maganin da zai rage musu nauyi. Farfesa ya gwada wani haɗi a kan ɓeraye, 'yan kaɗan suka ji dama. Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar masu shara ba.

Marasa lafiya ma sun sha daga wannan baiwa. Wani tsohon direba ya shigo yana ɗingishi, ya kwance tsumman ƙafarsa ya ce, "Likita, gyambon nan ne ya ƙi warkewa."

Farfesa bai ɓata idonsa a kan ƙafa ba. Ya miƙe ya ɗauki alli.

"Baba, ku kuna ganin ƙafa, ni ina ganin ƙwaya. Ƙwayoyinka suna kuka, kuma a duk faɗin ƙasar nan kunnena ne kaɗai ke jin kukansu."

Ya zana da'ira, ya zana wata a cikinta, ya ba da labarin tarukan da aka tafa masa. Tsohon ya ɗaure tsummansa ya yi godiya, ya fita da gyambonsa da kuma ilimi kyauta.

Da asibiti ya shirya taron wayar da kan jama'a, Farfesa ya sa aka kira 'yan jarida. Ya kuma umarci matarsa ta zo, aka zaunar da ita a sahun gaba kusa da mataimakiyarsa, likitar da yake kira "yarinyar nan" duk da furfurar da ke kanta. Zaure ya cika da masu ciwon suga da 'yan rakiyarsu. Farfesa ya yi magana har fanka ta gaji, sannan ya nuna matarsa da sandar nuni.

"Ga shaida a gabanku. Maman yara ke nan. A danginsu kowa na fama da suga, ita kaɗai ta tsira. Me ya sa? Tana zaune da masani. A gidana ko ƙwayar halitta ba ta shiga damuwa. Kallo ɗaya nake yi wa mutum in san halin da jininsa ke ciki. A kawo na'urar gwajin suga!"

Matar ta ce a hankali, "Baban yara, don Allah a bari sai mun je gida."

"Kunya ce irin ta mata," ya gaya wa kyamara, yana murmushi. Ya kama yatsarta ya soka, ya ɗaga na'urar sama tun bai duba ba, don kowa ya shaida. Kowa kuwa ya shaida. Mutanen sahun gaba, da suka san lambobin nan fiye da lambar wayarsu, suka haɗa baki: "Subhanallahi!"

Farfesa ya juyo da na'urar, ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa ta a tebur.

"Wa ya sayo wannan tarkacen?"

"Na'urar lafiyarta ƙalau," in ji matar. "Ka azalzale ni da safe ne, ban samu na yi allura ba."

"Wace allura?"

"Ta insulin. Na yi shekaru ina yi. Likita ga ta nan, ita ke duba ni. Kwalaben suna ƙofar firij, gefen ruwan da kake sha."

Mataimakiyar ta sunkuyar da kai tana gyaran gilashi. Farfesa ya manta makirufo na maƙale a wuyan rigarsa, ya duƙa ya yi raɗar da ta karaɗe zauren.

"Ni da nake mijinki, ni da duniya ke tambaya, me ya hana ki gaya mini?"

Ta danne yatsar da auduga, ta dube shi babu ko fushi.

"Ai na fara gaya maka tun ranar da aka gano. Ka ce in bari ka gama magana."